Ambaliya Biyu: Ta Kogin Haɗeja Da Ta Cikin Waya

A ranar 19 ga Agusta, 2014, wani dattijo mai suna David Bednar, ɗaya daga cikin manyan jagorori goma sha biyu na cocin da duniya ta fi sani da sunan Mormon, ya tsaya gaban taron mabiya a Jami'ar Brigham Young da ke garin Provo, a jihar Yuta ta Amurka, ya yi musu doguwar lacca a kan Facebook da Twitter da YouTube. Wanda ya saba jin wa'azi a kan waɗannan kafafe zai zaci tsinuwa za ta biyo baya, amma dattijon umarni ya bayar. Ya ce duk abin da mabiya suka yaɗa a intanet zuwa wannan rana ɗigo ne kawai, yana so su mayar da ɗigon ya zama ambaliya wadda za ta share duniya da saƙonnin gaskiya da kyautatawa.

A jihar Yuta, inda hamada da duwatsu suka fi yawa, ambaliya kalma ce mai daɗin sakawa a lacca. A Miga kuwa, da Jahun da Auyo da Kafin Hausa, idan aka ambace ta sai hira ta tsaya. Mutumin Hantsu ko Sansani da ya taɓa kwana yana cika buhu da ƙasa don tare bakin jinga, ko ya ga gonar shinkafarsa ta koma tafki ana saura kwanaki kaɗan a yanka, ba ya buƙatar a yi masa fassarar kalmar. Saboda haka nake ganin babu wanda ya fi mutanen wannan kwari cancantar auna maganar Bednar, su ɗauki abin da ke da amfani a cikinta, su kuma nuna inda ta gaza.

Kafin nan, ga taƙaitaccen bayani ga wanda bai san su ba. Joseph Smith ne ya kafa wannan coci a jihar New York a shekarar 1830, hedikwatarsa tana birnin Salt Lake, mabiyansa a duniya sun kai kimanin miliyan 17, kuma Kiristoci da dama ba sa lissafa su a cikin nasu saboda bambancin aƙida. Tun 2018 shugabanninsu suka nemi a daina kiransu Mormon, a riƙa faɗin cikakken sunan cocin, sai dai bakin duniya bai saki tsohon sunan ba. A Najeriya ƙarfinsu yana Kudu, inda suka buɗe babban ɗakin ibadarsu a Aba a watan Agustan 2005. Tsakaninmu da su a aƙida akwai tazara mai nisa, kuma ba wannan ce maganar yau ba. Abin da ya ja hankalina shi ne, jama'a ce mai riƙo da addini, mai tsananin kula da iyali, ba ta shan giya, ba ta shan taba, wadda ta zauna ta yi wa wayar hannu tsari tun da wuri, alhali mu muna ta jayayya a kan ko TikTok halal ne ko haram, 'ya'yanmu kuma suna ciki tsundum.

Bednar ya gindaya wa ambaliyar tasa sharuɗɗa. Ya ce abin da mutum zai yaɗa ya zama gaskiya ne kuma ya dace da yadda yake rayuwa a zahiri; ya zama mai ɗaga mutane, ba na cin zarafi ko gardama ba; kada a ɗauki aikin wani ba da izininsa ba; a kuma tuna cewa intanet ba ta mantuwa. Ya ƙara da cewa ba ya fatan irin ruwan da ke tasowa farat ɗaya ya janye farat ɗaya. Wannan magana ta ƙarshe manomin fadama zai gane ta fiye da mutanen da aka yi wa laccar. Ruwan da ke zuwa a hankali, ya malale a fadama, ya kwanta, ya janye ya bar laka mai taki, shi ne arzikin wannan yanki tun kaka da kakanni. Da shi ake shinkafa, da shi masunta ke samun kifi, da danshinsa ake noman rani, a bayansa makiyaya ke samun ciyawa. Wanda ke kashewa shi ne mai zuwa cikin dare babu sallama.

To ga wani abin mamaki. A cikin wannan wata na Agustan 2014 da ake laccar a Provo, Najeriya ta ga irin ruwan daren. Cutar Ebola ta shigo Legas a ƙarshen Yuli, sai saƙo ya bi wayoyi cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha kafin gari ya waye. Uwa ta kira ɗanta, ɗa ya kira surukarsa, kafin asuba saƙon ya ratsa ƙasar daga teku zuwa bakin hamada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mutum biyu sun mutu saboda shan ruwan gishirin, wasu kuma sun kwana a asibiti. Yawancin masu turawar ba su yi nufin sharri ba. Ƙauna ce ta sa suka tura, kuma wannan shi ne abin tsoro a lamarin, domin maƙaryaci mutum guda ne, masu ɗaukar masa kaya kyauta kuwa mutanen kirki ne dubbai.

Shekara huɗu bayan haka, a watan Yunin 2018, aka ga mafi muni a Filato. Hotuna masu tayar da hankali suka cika Facebook ana cewa kisan da aka yi ne a yankin Gashish, matasa suka tare hanya suka kashe matafiya. Binciken da BBC ta yi daga baya ya nuna cewa ɗaya daga cikin bidiyoyin da suka hura wutar ba ma a Najeriya aka ɗauke shi ba, a Kwango-Brazabil ne, tun 2012. Iyayenmu sun ce gani ya kori ji. Yau sai an yi wa karin maganar gyara, domin abin da ido ya gani a fuskar waya yana iya zama na wata ƙasa, na wata shekara, ko ma na'ura ce ta ƙaga shi.

Mu dawo gida. Duk damina, daga Agusta zuwa Satumba, zaurukan WhatsApp na ƙauyukanmu sukan cika da saƙonnin murya: an buɗe dam, ruwa na nan tafe, kowa ya yi ta kansa. Wani lokaci gaskiya ne, kuma saƙon yakan ceci rai da dukiya. Wani lokaci kuma labarin madatsar Lagdo ta Kamaru ce ake turowa mutumin Miga, alhali ruwan Lagdo kogin Binuwai yake bi, ya ratsa Yola da Makurɗi ya haɗu da Neja a Lokoja, ko ɗigonsa ba ya zuwa nan. Namu ruwan daga kogin Kano da kogin Chalawa yake fitowa, ta madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da ta Chalawa da aka kammala a 1992, su haɗu su bi ta Wudil, su gangaro Ringim da Taura, su ratsa mu, su wuce Haɗeja da Guri zuwa Nguru da Gashuwa, inda tafiyar ke nufar Tafkin Chadi. Ɗalibin sakandare ya kamata ya san wannan taswira kamar yadda ya san hanyar gidansu. Wanda ya san ta ba zai tashi tsohuwa cikin dare ya ɗora mata tabarma a ka saboda labarin Lagdo ba.

Ba na zargin mutane da saurin firgita. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Dattawa suna tuna ɓallewar madatsar Bagauda a 1988, kowa yana tuna abin da ruwa ya yi wa wannan yanki a 2018 da 2020, balle 2022, shekarar da ambaliya ta kashe fiye da mutum 600 a faɗin ƙasar, Jigawa kuma tana cikin jihohin da suka fi jin jiki. Sannan ga abin da ya sami Maiduguri a Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle. Ga kuma kachalla da ta toshe hanyoyin ruwa, har ruwan da bai kai ya kawo ba yakan rasa mafita ya bi gonaki. Mutumin da ke zaune a irin wannan wuri dole kunnensa ya zama a tsaye. Illar ita ce, idan aka tashe shi sau uku a banza, ran na huɗu da ruwan ke tafe da gaske juyawa zai yi ya ci gaba da barcinsa. Saƙon ƙarya a kan ambaliya yana cinye amincin da saƙon gaskiya zai buƙata gobe, kuma wannan asara ba a ganinta sai ranar da ta zama gawa.

A nan sharaɗin farko na Bednar ya yi daidai, kuma ba baƙo ba ne a wurinmu. Aya ta shida ta Suratul Hujurat a kan bincika labari ta sauka kafin a yi aiki da shi, Suratun Nur kuma ta tsawatar wa waɗanda suka riƙa karɓar ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha daga baki zuwa baki. Malaman hadisi sun gina ilimi sukutum a kan tambaya guda, wato wa ya faɗa maka, shi kuma wa ya faɗa masa. A ƙasar nan ma, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da ta tashi yaɗa karatu ga matan karkara ta hanyar 'Yan Taru, ba kowa ta sakar wa saƙon ba. Jajis ta naɗa, ta ɗora musu malfa, don duk ƙauyen da suka shiga a san daga ina karatun ya fito da kuma wanda za a tambaya in an ji kuskure. Al'ummar da ta gaji isnadi ita ce yau take tura saƙon da aka buɗe da "wani babban likita ya ce", babu sunan likitan, babu asibitinsa, a ƙarshe kuma a rufe da barazanar cewa wanda bai tura wa mutum goma ba zai gani. Har kamfanin WhatsApp kansa, wanda ba ya sallah ba ya salati, ya ga abin ya yi yawa: a farkon 2019 ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, a 2020 kuma ya mayar da saƙon da ya sha yawo zuwa wuri ɗaya.

Abin da ya fi burge ni a tsarin 'yan Mormon shi ne azumin waya. A watan Yunin 2018 shugabansu na lokacin, Russell Nelson, tsohon likitan tiyatar zuciya, ya nemi matasan cocin su ƙaurace wa kafafen sada zumunta kwana bakwai, su lura da abin da zai canza a tunaninsu da ibadarsu. A Oktoban wannan shekara ya nemi mata su yi kwana goma. Kalmar azumi ba ta zo musu a baƙuwa ba, domin a al'adarsu Lahadin farko na kowane wata sukan bar cin abinci sau biyu su ba mabuƙata kuɗin. Matasan da suke turawa wa'azi kuwa, bibbiyu suke tafiya, kuma ƙa'idarsu ita ce kowa ya iya ganin fuskar wayar abokin tafiyarsa. Mu da muke da wata guda cur na kame baki, ga i'itikafi a goman ƙarshe, mun fi kowa kayan aikin irin wannan horo. Amma a je masallaci a daren ashirin da bakwai a ƙirga masu ɗaukar bidiyon limami yana kuka a alƙunutu. Ban ga abin da zai hana limamin Juma'a a Miga ko Jahun ya nemi matasa su ajiye TikTok kwana bakwai ba, ya kuma fara da kansa.

Sai dai akwai inda nake rabuwa da su, kuma rabuwar ba ƙarama ba ce. Sharaɗin cewa a yaɗa abin da ke faranta rai kawai, a guji abin da zai jawo gardama, ya dace da mutumin da hukumarsa ke aiki ko ya yi magana ko bai yi ba. Talakan bakin kogi ba shi da wannan gata. Sau da yawa bidiyon da wani saurayi ya ɗauka yana tsaye a ruwa iya ƙugu, yana nuna rumbun da ya rushe da makarantar da ta zama sansanin gudun hijira, shi ne abin da ke sa jami'an agaji su san da ƙauyen, shi ne ke sa 'yan asalin garin da ke Kano da Abuja su haɗa kuɗi. Wannan bidiyo ba ya faranta ran kowa, mai mulki ma yakan ji haushinsa, amma gaskiya ne kuma wajibi ne. Idan aka ce kowa ya yaɗa alheri kawai, wanda zai fi kowa murna shi ne ɗan kwangilar da ya karɓi kuɗin jinga bai zuba ko tifa ɗaya ba.

Tarihin cocin Mormon a Najeriya ma shaida ne a kan haka. Ta hanyar takarda suka shigo: wani malamin makaranta a yankin Mbaise mai suna Anthony Obinna ya ga hoton ɗakin ibadarsu a wata tsohuwar mujalla a zamanin yaƙin basasa, ya riƙa rubuta musu wasiƙa shekara da shekaru. Amma a wancan zamani cocin ba ya naɗa baƙar fata a muƙamin limanci. A 1963 wani ɗalibi ɗan Najeriya da ke karatu a Kalifoniya ya gano haka, ya rubuto wa wata jarida ta Gabashin ƙasar nan, abin ya tayar da ƙura, gwamnati ta hana masu wa'azinsu biza. Sai a Yunin 1978 cocin ya janye wannan wariya, a Nuwamban shekarar aka yi wa Obinna baftisma. Wasiƙar wancan ɗalibi ba ta ɗaga ran kowa a Salt Lake ba, amma wa zai ce bai kamata ya rubuta ta ba? Haka nan a Fabrairun 2023 hukumar kula da hannayen jari ta Amurka ta ci cocin da kamfanin da ke juya masa dukiya tarar dala miliyan 5 saboda ɓoye girman jarinsu a bayan wasu kamfanoni na jeka-na-yi-ka, kuma wani tsohon ma'aikacinsu ne ya fara fasa ƙwan. Gidan da aka share tsakar gidansa fes don baƙi, ba a rasa ɗakin da aka tura sharar.

Mai faɗin gaskiya mara daɗi kuma yana bin hanya mai ƙaya a ƙasar nan. A Nuwamban 2022 an kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse saboda wani gajeren rubutu da ya yi a Twitter a kan uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin, aka kai shi Abuja, aka gurfanar da shi, sai a farkon Disamba aka janye ƙarar bayan ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa da jama'a sun yi ca. Mutum yana iya ganin rubutun yaron bai dace da tarbiyya ba, ni ma ba zan so ɗana ya yi irinsa ba, amma tsakanin rashin ladabi da ɗaukar yaro daga makaranta zuwa kurkuku akwai nisa. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya daɗe yana zama sandar dukan 'yan jarida da masu suka kafin a yi masa gyara a 2024. Ita kanta Twitter gwamnati ta rufe ta daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Saboda haka duk lokacin da wani mai muƙami ya tashi yana wa'azin tsabtace soshiyal midiya, ya kamata a tambaye shi wace ƙazanta yake nufi, ƙaryar da ke kashe talaka ko gaskiyar da ke hana shi barci.

Akwai kuma gaskiyar da ba ta halatta a yaɗa ba, ko da babu ƙarya ko ɗaya a cikinta. A daren 15 ga Oktoba, 2024, tankar mai ta faɗi a Majiya da ke ƙaramar hukumar Taura, maƙwabtanmu, mutane suka taru ɗibar fetur, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. Kafin a gama haƙa kabari, hotunan waɗanda suka ƙone sun gama zagaya wayoyi. A al'adarmu gawa ana suturta ta, ana rufe fuskarta, labarin mutuwa kuma dattijo ake nema ya kai shi, ya zauna, ya yi sallama, ya fara da addu'a kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Wannan ladabi ne da aka gina cikin ɗaruruwan shekaru, waya ta rushe shi a shekara goma. Duniya tana buƙatar sanin abin da ya faru a Majiya, da talaucin da ke sa mutum ya ruga da bokiti wurin mutuwa, da halin da hanyoyinmu da tankokinmu ke ciki. Ba ta buƙatar ganin fuskar ɗan wani a halin da mahaifiyarsa ba za ta iya kallo ba.

Abin da nake ganin zai yi aiki a nan ba ya buƙatar sabuwar doka ko kwamiti daga Dutse. Masu kula da zaurukan WhatsApp na garuruwanmu, waɗanda yawancinsu malaman makaranta ne da ɗalibai da ma'aikatan lafiya, suna iya sa sharaɗi guda a lokacin damina: duk wanda zai turo labarin ruwa ya faɗi sunansa, da garin da yake tsaye, da ranar, da abin da ya gani da idonsa, a cikin saƙon kansa. Bidiyon da babu wannan a goge shi, ko da daga babban mutum ya fito. Kogin kuma ba ya tsallake gari. Ruwan da zai iso Miga sai ya wuce ƙarƙashin gadar Wudil, ya bi ta Ringim da Taura, kuma a kowane mashigi akwai masunta da masu kwalekwale da suka san ma'aunin ruwa a jikin gada da gindin bishiya fiye da kowane baƙo. Idan kowane zaure yana da lambar mutum biyu ko uku sanannu a waɗannan wurare, da ta jami'in Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, kira ɗaya ya isa a san ko a kwashe hatsi daga rumbu a daren, ko a bar yara su yi barci.